Sharaɗin Baba da Tankin Feshi

Tun da Auta ta dawo daga gona take durƙushe a bakin murhu, tana ta hura wutar da ta riga ta kama. Hayaƙi na cika mata ido, ita kuwa hakan ya yi mata daɗi, don ko ba komai ta samu abin da za ta ɗora wa laifin hawayenta.

"Ke Auta, wutar nan me ta yi miki? So kike ki ƙona mana ɗan abin da ya rage?"

Inna ce ta leƙo daga ɗaki, hannunta ɗaya dafe da ƙugu. Ciwon baya ne ya raba ta da tsinkar tumatir a babbar gonar da ke ciyar da rabin unguwar, shi ya sa Auta ta gaji kwandonta. Baba kuwa har yanzu yana can da fartanyarsa, yana noma wa mai gonar da bai taɓa gani da idonsa ba.

"Ba kuka nake ba, Inna. Hayaƙi ne."

"Wa ya ce kuka kike? Kin ga kin tona wa kanki asiri."

Auta ta sunkuyar da kai. Ai dole ta yi kuka. Jiya da yamma Dogo ya yi wanka, ya sa rigarsa guda ta fita kunya, ya zo ya durƙusa gaban Baba yana neman izinin turo manyansa. Dogo shi ne mai feshin gonar, shi ke goya tankin maganin ƙwari yana bin kunya-kunya tun safe har rana ta take. Auta na laɓe bayan ƙyaure, ta ji Baba ya yi gyaran murya.

"Yaro, ba ni da abin faɗa a kan halinka. Amma ba zan sake ba mai feshi 'yata ba. Na ba da ɗaya, ga sakamakon can a ɗakin baya kana jin tarinsa. In kana son Auta, ka ajiye tankin nan. Shi ke nan maganata."

Da a ce nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Dogo bai gama sa takalminsa ba Inna ta tare shi a ƙofar gida da nata sharaɗin.

"Ni kuma ka ji nawa. 'Yata ba za ta bar yunwar gidan ubanta ta koma yunwar gidan miji ba. In ka ajiye tanki ka koma fartanya, me za ku ci? Soyayya?"

To fa! Uba ya ce a ajiye, uwa ta ce in an ajiye babu aure. Kowa a gonar ya san ladan mai feshi ya kusa ninka na mai fartanya, don ba kowa ke yarda ya shaƙi wannan masifa ba. Ladan fartanya kuwa yana nan inda yake tun Auta na 'yar mitsitsiya, alhali kuɗin kwanon gari sai hawa yake kamar mai gudun kare. Tumatirin da Auta ke wuni tana tsinka har yatsunta su yi kore, in ta gan shi a kasuwa sai dai ta gaishe shi da ido ta wuce.

"Ki tashi ki je shago ki sayo mana mai," in ji Inna. "Kuma ki wanke fuskar nan. Mutum yana ganin girmanki, ki daina zuwa masa kamar wadda aka yi wa mutuwa."

Auta ta san wane mutum ake nufi.

* * *

Mai Shago na hango ta ya miƙe, har yana ture buhun sukari da tumbinsa.

"Maraba da sarauniyar mata! Yau shagona ya yi haske. A kawo kujera ne ko a shimfiɗa darduma?"

"Mai za ka ba ni."

"Ko gaisuwa babu? To, na gaishe da kaina, na kuma amsa."

Abin da ke ƙona wa Auta rai shi ne, Mai Shago ba mugu ba ne. Da mugu ne da ta huta, ta tsane shi hankali kwance. Mutum ne mai fara'a, matarsa ta rasu ta bar shi shi kaɗai, kuma duk lokacin da 'yan gidansu suka zo awo sai ya tula kwano har yana zuba. Wannan tulin ne ya sace zuciyar Inna.

Ya zuba man a kwalba, ya faɗi kuɗin. Auta ta zaro ido.

"Ya sake tashi? Shekaranjiya fa na saya!"

"Wallahi Auta ba ni na tashe shi ba. Ni ma haka aka tashe ni da shi. Mai mota ya ce man fetur ne, dillali ya ce mai gona ne, mai gona ya ce taki da leburori ne suka yi tsada."

"Leburori? Mu ne muka yi tsada? To ina kuɗin yake zuwa, tunda mu dai bai iso hannunmu ba?"

Ya ɗaga kafaɗa, sannan ya sassauta murya, wasan ya bar fuskarsa.

"Na ji abin da ya faru jiya. Ba zan ɓata miki yaron nan ba, mutumin kirki ne. Amma ki duba mijin yayarki. Ni ba kyau gare ni ba, na sani, madubi ba ya ɓoye min. Abu ɗaya zan iya yi miki alkawari: ba za ki kwana da yunwa ba, ke da su Inna. Ki yi tunani."

Ta karɓi kwalbar ta juya. Da ta yi nisa sai ta lura ya cika ta har wuya, fiye da kuɗinta. Ta rasa ko godiya za ta yi ko ta koma ta watsa masa.

* * *

Maimakon ta kai wa Inna man, sai ta zarce ɗakin baya wajen Yaya. Mijin Yaya na kwance kan katifa, numfashinsa na fita da ƙara. Shi ne ya goyi tankin kafin Dogo. Da can ƙato ne, mutum biyu ba sa kayar da shi, yanzu kuwa kofin ruwa ma sai an riƙe masa saboda rawar hannu.

Yaya ta ja ta waje, suka zauna a gindin katanga.

"Yaya, don Allah ki faɗa min gaskiya. In ce ya ajiye, ko in ce ya ci gaba?"

Yaya ta dube ta.

"Ki ce ya ajiye. Tun yau. Kin san yadda nake ji in ya fara tarin nan? Ji nake kamar ƙirjina ake yagewa. Likita ya ce maganin ne ya cinye masa huhu a hankali. Manajan gonar ya zo ya duba shi sau ɗaya, ya ce Allah ya sawwaƙe, washegari ya ɗora wa wani tankin."

"To shi ke nan, zan ce ya ajiye."

"Amma fa..." Yaya ta share ido da gefen mayafi. "Auta, ba zan yi miki ƙarya ba. Duk zaman aurena, lokacin da yake feshin nan ne kaɗai na san ƙoshi. Har nama muke sawa a tukunya. Yarana suka yi kumatu. In ya koma fartanya, za ki riƙa kallon mijinki yana shigowa da abin da ba zai kai ku gobe ba, yana kasa haɗa ido da ke. Wannan ma wani ciwon ne, ki tambayi Inna."

"To Yaya, wanne kike ce min in yi?"

"Na sani ne? Da na sani ai da ba a ɗakin bayan gidan ubana nake ba."

Auta ta kifa kai a cinyar yayarta ta fashe da kuka. Ta zo neman amsa ɗaya, an ƙara mata tambaya.

* * *

Washegari da tsakar rana, lokacin da ake ba leburori ɗan hutun shan ruwa, Auta ta sami Dogo a bayan rumfar ajiye kwanduna. Ya sauke tankin, ya kwance tsumman da yake naɗe hanci da baki da shi. Yana ganinta ya yi maza ya ɓoye hannayensa a baya.

"Tsaya daga nan, kada ki matso. Ban wanke jikina ba."

"Nuna min hannunka."

"Ba komai fa. Zafi ne kawai."

"Dogo, na ce ka nuna min."

Ya miƙo su a hankali. Fatar bayan hannun ta yi ja, tana saɓulewa tsakanin yatsu.

"Ina safar hannun da Manaja ya ce zai kawo? Ina takunkumin?"

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Suna hanya. Tun bara suke hanya, ina jin a ƙafa suke tahowa."

"Kana wasa da ranka kana dariya!"

"To kuka zan yi? Auta, saboda wa na ɗauki tankin nan? Da fartanya nake, kin sani. Na duba ladana, na duba kasuwa, na ga ko zan shekara goma ba zan iya riƙe mace ba. Na ɗauka don in same ki. Yanzu Baba ya ce saboda shi ba zan same ki ba. Na ce to in ajiye, Inna ta ce in na ajiye ba zan same ki ba. Ni kam kaina ya ɗaure. Ko duk hanya ce ta a ba Mai Shago ke, a faɗa min in sani."

"Kada ka ƙara kira min sunansa!"

"Ai shi ke da kwanon awo. Ni me nake da shi? Tsumma da tari."

"Ka fara tari?"

Ya kau da kai. "Kaɗan. Da safe kawai."

Nan Auta ta durƙushe tana kuka mai cin rai, ta manta da matan da ke leƙensu daga inuwar bishiya. Dogo ya rasa yadda zai yi, ga shi ba dama ya matso.

"Ki daina, don girman Allah. Kukanki ya fi maganin nan ƙona ni. Ki faɗi abu ɗaya, wallahi shi zan yi. Na Baba ko na Inna?"

"Ka ajiye."

"To."

"A'a, tsaya. In ka ajiye Inna za ta... Ka bari zuwa ƙarshen kaka, ka ɗan tara wani abu."

"To, na bari."

"Mijin Yaya ma haka ya ce, zuwa ƙarshen kaka!" Ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo ni! Ban sani ba, Dogo, ban sani ba!"

Tari ya taso masa, ya yi ƙoƙarin danne shi, ya ƙi dannuwa. Sautin irin wanda take ji kullum daga ɗakin baya ne, sak. Auta ta miƙe tsaye, hawaye na zuba amma muryarta ta daidaita.

"Ka ajiye shi yau. Gara mu sha ruwa mu kwanta, ina ganinka da ranka. Inna kuma, ka bar ni da ita."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Amma ka ajiye."

Ya ɗauki tankin ta igiya ɗaya, ya nufi ofishin Manaja. Da ya dawo hannu rabbana, ya ce mata Manaja ko ɗago kai bai yi ba, cewa kawai ya yi a jingine shi a bango, masu so suna da yawa. An mayar da Dogo noma a can ɗaya ɓangaren gonar, wajen rafi, inda sai a wuni ba su haɗu ba.

* * *

A ranar, gidan bai zaunu ba. Inna ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe.

"Kin kyauta! Kin raba yaro da abincinsa, kin raba kanki da Mai Shago. Sai ki dafa fartanyar ku ci!"

Baba kuwa da ya ji labari sai ya gyaɗa kai. "Ya cika sharaɗi. Bayan an gama kwashe amfanin gona, ya turo manyansa."

"Da me za ka aurar da ita?" Inna ta juyo kansa. "Ko tabarma kana iya saya mata? Ga marar lafiya a ɗaki, ga jikoki, ga gari yau ma ya tashi. Kai dai ka iya kafa sharaɗi, cika tukunya ne ba ka iya ba."

Auta ta ga yadda maganar ta soki Baba. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Aka kwana biyu, sai wani abu ya fara ɗaure wa Auta kai. Tukunyar gidan ta soma nauyi. Yau a ga shinkafa, gobe a ga ɗan kifi, har maganin mijin Yaya da ya ƙare aka sayo. Inna ta rage faɗa. Zuciyar Auta ta ba ta abu ɗaya: Inna na karɓar kayan Mai Shago a ɓoye, ana cinye ta a tukunya ba ta sani ba. Daga ranar abincin ya daina wuce mata maƙogwaro.

Ta je ta tsaya masa a ƙofar shago.

"Kayan da kake aika wa gidanmu, ka daina. Ni ba ta sayarwa ba ce."

Mai Shago ya saki baki. "Ni? Wallahi tallahi ko ƙwayar gishiri ban aika ba. Duk abin da ya fita daga nan zuwa gidanku, saya aka yi. Kin zo kin zage ni a banza, sarauniya, amma na yafe, tunda ko ba komai na gan ki."

Ta juya da kunya da ruɗani. In ba shi ba ne, to wa?

Amsar ta same ta da safe a bakin kunya, daga bakin wata abokiyar tsinkarta mai shegen surutu.

"Auta, ashe angon naki ya koma feshi? Mun ce ai ba zai iya da fartanya ba. Ga shi can ƙarshen gona tun sassafe, yana ta fesawa."

Kwandon ya suɓuce daga hannun Auta. Ta ɗaga kai. Can nesa, cikin barkono, ga mutum sanye da doguwar rigar ledar nan ta masu feshi, tanki a baya, fuska naɗe da tsumma, hannu na ta buga famfo. Sai komai ya haɗu a kanta. Wato Dogo ya koma a ɓoye, yana miƙa wa Inna kuɗin don ya sayi yardarta. Shinkafar da take ci, huhunsa ne!

Ba ta san lokacin da ta zura da gudu ba, tana tattaka shukar mutane, mai kula da leburori na ƙwala mata kira. Warin maganin ya doki hancinta tun kafin ta isa.

"Maƙaryaci! Ka rantse min da Allah! Ka ce abin da na faɗa shi za ka yi! So kake in zama kamar Yaya? In mutuwa kake so, ka mutu kai kaɗai, kada ka aure ni in yi ta jinyarka!"

Mutumin ya tsaya cak. Ya saki famfon. Ya daɗe bai juyo ba, sannan ya sa hannu ya warware tsumman a hankali. Farin gemu ne ya fara bayyana.

"Baba?"

Ta zube a kan kunya.

"Baba, kai ne? Kai fa ka ce guba ce!"

"Guba ce," in ji shi.

"To don me? Ko dama... ko dama don ka karɓa ka sa shi ya ajiye?"

Tana faɗa ta yi nadama, amma maganar ta riga ta fita. Baba bai yi fushi ba. Ya goge zufar goshinsa da bayan hannu.

"Ranar da na kafa masa sharaɗi, Allah ya sani, ke kawai na duba. Ranar da ya ajiye kuma, na bi ta shago na ji kuɗin gari, na tuna mutanen da ke jirana a gida. Da safe na tarar da tankin jingine da bango, sai na ga har na ɗauka. Shi yaro ne, yana da shekarun da zai ba ki. Ni na ci mafi yawan nawa."

"Inna ta sani?"

"Na ce mata an ƙara mana lada. Ta yi murna, har ta sa wa Manaja albarka. Kada ki ɓata mata."

Ihun Auta ya riga ya jawo mutane. Cikinsu har da Dogo, wanda ya taho a guje daga wajen rafi da fartanya a hannu. Yana ganin wanda ke cikin rigar ledar ya yi turus, fartanyar ta faɗi.

"Baba, don Allah ka sauke. Ba ni tankin nan. Ni na saba da shi, jikina zai ɗauka."

"In ka taɓa shi, babu aure. Maganata tana nan."

"To na haƙura da..." Dogo ya kalli Auta, maganar ta maƙale masa.

Su duka biyun suka zuba mata ido. Auta ta dubi mahaifinta, igiyar tanki ta nutse a ƙasusuwan kafaɗarsa. Ta dubi Dogo, hannayensa sun fara warkewa, sabuwar fata ta fito. Ta buɗe baki don ta kira ɗaya daga cikinsu, ta rasa wanne, sai kuka ya ƙwace mata.

Daga bakin hanya Manaja ya danna hon ɗin motarsa, yana nuna agogon hannunsa. Baba ya mayar da tsumman ya ɗaure hanci da baki, ya kama famfon.

"Ja ta ku matsa baya," ya ce wa Dogo. "Iska ta juyo wajenta."